Daji Ba Ya Son Allura, In Ji Mai Jar Mota

Zuwa ga Baba, Shugaban masu maganin gargajiya na yankinmu.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa irin wadda jika take durƙusawa ta yi wa kakanta, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar da ke cika zaurenka kullum. Ya aiki, ya haƙuri da mutane? Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Akwai ƙullutu a jikina. A ƙirjina yake, ɓangaren hagu, girmansa kamar ƙwayar gurjiya. Tun farkon damina na ji shi, wata safiya ina wanka, ga shi yanzu ana cire gyaɗa bai tafi ba. Ba ya ciwo. Na so a ce yana ciwo, domin na mahaifiyata ma bai yi ciwo ba da farko. Babana bai sani ba. Goggo, yayar babana da take riƙe da gidanmu yanzu, ba ta sani ba. Ko ƙawata da muke zuwa rijiya tare ban gaya mata ba.

Ba za ka tuna ni ba. Ina aji uku na faɗo daga bishiya, aka kawo ni gidanka a amalanke da karyayyen hannu. Ina kuka ka tambaye ni, ni na hau mangwaro ko mangwaro ne ya hau ni, ina cikin dariya ka ja hannun ya koma. Da wannan hannun nake rubutu yanzu. A ranar, muna zaune a zaure, aka shigo da wani mutum da ƙashin ƙafarsa ya huda fata. Ka duba sau ɗaya ka ce wannan ba naka ba ne, su wuce asibiti, kada su tsaya ko shan ruwa. 'Yan uwansa suka yi ta roƙonka, ka ƙi. Ban manta ba. Shi ya sa kai na zaɓa in rubuta wa.

Karatuna bai wuce firamare ba. Jinyar Inna ce ta tsayar da ni. Kuma ba ni da baki, ko aike aka yi mini gidan maƙwabta sai in tsaya a soro ina murza gefen hijabi. Da a gabanka nake da ban iya cewa komai ba bayan gaisuwa. Zan ba malamar da ta koyar da ni a aji shida wannan takarda, ta kwafe ta a wayarta ta sa inda jama'a ke karantawa, domin maganar ba tamu ba ce mu kaɗai. Idan na yi kuskure a lafazi, a yafe mini, yarinta ce.

Ga ƙorafina.

Na farko: abin da mutuminku yake faɗa a kasuwa.

Akwai wani mai magani da ke zuwa da jar mota, da lasifika biyu a samanta. Ba ya zuwa da bazara. Sai kaka ta yi, an sayar da amfani, sannan a ji muryarsa, yau a Gwangwan, gobe a Ruwan Bago, jibi wajen Unguwar Hajji. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san shi. Takardar ƙungiyarku tana manne a gilashin gaban motarsa, da tambarinku a jiki.

Na haddace abin da yake faɗa don na sha jin sa: "Hawan jini, ciwon zuciya, sanyin mata da na maza, daji na ciki da daji na waje, jarka ɗaya ta gama da su! Wanda likita ya ce sai an yanka, ya zo nan mu ɗinke shi ba zare ba allura!" Mutane su yi dariya, su matso.

Babana ba ya karanta boko, amma ya san tambarinku. Ya dawo gida ya ce ai mutumin na su Baba maɗori ne, wanda ya gyara wa yarinyar nan hannu. Ranka ya daɗe, da sunanka aka shigo da jarkar nan gidanmu.

Na biyu: sharaɗin da ya kafa.

Lokacin da Inna ta ji nata ƙullutun, ba ta ɓoye ba. Ta je ɗakin shan magani na ƙauyenmu, ma'aikaciyar ta taɓa, ta ce ta tafi babban asibiti, za a sa allura a ɗebi kaɗan a gwada, a san ko mene ne. Da Goggo ta ji an ambaci allura sai ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce tun kakanni an san ciwon daji ba ya son ƙarfe, idan aka soke shi sai ya harzuƙa ya bazu a jiki. Duk matan layinmu suka ce haka ne, kowacce da labarin wata da aka yi wa allura ta mutu.

Ba mai jar mota ne ya ƙirƙiro wannan magana ba, na sani. Ya tarar da ita ne, ya ɗauka ya mai da ita sharaɗin maganinsa. Ya ba Baba, wato mahaifina, jarka ta sha da baƙin gari na shafawa, ya ce muddin ana shan maganinsa kada allura ko reza ko wuƙa ta taɓa jikinta, in ta taɓa ba ruwansa.

Inna ɗinkin hula take yi. Da shi take saya mana sabulu da takalmin makaranta. Ranar da jarka ta shigo, Goggo ta shiga ɗaki ta kwashe alluran ɗinkinta duka, har da wadda ke soke a jikin hular da ta kai rabi. Farce ma da haƙori Inna ta koma cire shi. Ta zauna hannu biyu ba aiki, tana shan ruwa mai ɗaci safe da yamma, tana jira. Ba a sake zancen babban asibiti ba.

Na uku: abin da ya ce da wurin ya fashe.

Ƙullutun ya tashi daga gurjiya ya kai ƙwan zabo, ya wuce. Fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo. Ana ta shafa baƙin garin nan har wata rana ya fashe. Baba ya kira shi a waya ina tsaye. Mai jar mota ya ce mu yi hamdala, magani ya kama, dafin ne ke fita, a ƙaro jarka. Aka ƙaro. Ba zan lissafa abin da aka sayar ba, ba kuɗi na zo nema ba.

Ni ce mai wanke tsummokaran. Ni ce mai kunna turaren wuta a ƙofar ɗaki idan masu dubiya za su shigo, ni ce mai korar ƙudaje da mafici. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, "ke yarinyar nan" take cewa, kuma a da ko ɗankwalinta ba ta cirewa a gabana. Sai ga shi ni nake yi mata wanka. Takan juya fuskarta bango ta ce in yi haƙuri da warin. Wane dafi ne wannan da yake fita wata da watanni bai ƙare ba, mai shi kuma tana ta ƙarewa?

Na huɗu, kuma shi ne ya fi yi mini nauyi: laifin da ya ɗora wa babana.

Da damina ta yi tsakiya, zazzaɓi mai zafi ya kama Inna, irin na sauro, har tana surutai. Baba ya kasa jurewa. Ya kira mai kyamis na bakin titi ya yi mata allurar zazzaɓi a cinya, Goggo tana gidan suna. Zazzaɓin ya sauka. Bayan nan hannunta na hagu ya kumbura har ba ta iya ɗaga shi. Baba ya sake kiran mai jar mota. Tambaya ɗaya ya yi: an yi mata allura? Babana ba ya ƙarya. Ya ce an yi. Sai mutumin ya ce to kun karya sharaɗi, kun ɓata aiki da hannunku. Daga ranar bai ƙara ɗaukar wayarmu ba.

Ranka ya daɗe, ina so ka ji wannan da kyau, domin ni kaɗai ce shaida. Ni nake yi mata wanka. Kumburin hammatarta ya riga allurar nan. Tun kafin ruwan farko na ji ƙwayoyi a hammatarta, masu tauri kamar tsakuwa, kuma a lokacin ba a karya sharaɗin kowa ba. Ciwon yana tafiyarsa ne ana shan jarka.

Da aka rasa yadda za a yi, aka kai ta asibiti a Kano, ni ce 'yar jinya. Suka yi abin da za su iya, suka rage mata raɗaɗi, suka wanke wurin har warin ya ragu. Amma sun ce ya riga ya shiga ƙashi da huhu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai kirki da take ba ni sauran shayinta. Na tattara duk ƙarfin halina na tambaye ta ko allurar zazzaɓi ce ta kashe mana Inna. Ta kalle ni ta ce a'a, allura ba ta harzuƙa daji, jira ne yake ba shi lokaci. Ta ce da an zo yana ƙarami, da akwai abin yi da yawa, kuma akwai matan da suka zo da wuri suna gidajensu suna renon jikoki. Ta ƙara da cewa ni ma in riƙa duba jikina, in na ji wani abu kada in tsorata, yawancin ƙullutun 'yan mata ba daji ba ne, amma gwaji kaɗai ke bambancewa.

Inna ta rasu bayan babbar sallah. Allah ya jiƙanta. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma an koya mana a islamiyya cewa neman magani umarni ne, yaudara kuma haramun ce.

Na faɗi maganar ma'aikaciyar nan a gida sau ɗaya. Goggo ta ce ai dole su ce haka, mai kaya ba ya kushe kayansa, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A tsakar gida, gaban masu gaisuwa, ta ce wa Baba da ya yi haƙuri da zazzaɓin kwana kaɗan da matarsa tana nan. Har yau Baba ba ya bi ta gaban kyamis ɗin nan, sai ya zagaya ta bayan makaranta idan zai je masallaci. Ya rame. Yana ganin shi ya kashe ta. Mutumin da ya sayar da jarka yana yawo da motarsa, wanda ya ji tausayin matarsa shi ne ya zama mai laifi.

Na biyar: halin da nake ciki yanzu.

Mutuwar Inna ba ta karya maganar allura a gidanmu ba, ƙarfi ta ƙara mata. Yanzu matan layinmu sun samu sabon labari, sunan Inna suke kawowa idan za su tsorata wata. Rabin jarkar da ta rage tana ƙarƙashin gadon Goggo, ta ce ba a zubar da magani, wata rana zai yi amfani.

Kada a ɗauka Goggo muguwa ce. Ta bar ɗakinta ta dawo ta riƙe ƙannena, ita ke tashi ta dama musu koko. Da Inna tana kwance har kuka take yi a madafa. Don tana son mu ne take tsoron allura. Wannan ne ya sa abin ya fi ba ni tsoro. Idan na buɗe baki yau, na san yadda za a yi. Za a jawo jarka daga ƙarƙashin gado. Za a kwashe allura da reza daga inda nake. Wannan karon kuma Baba ba zai iya cewa uffan ba, domin an riga an karya masa baki.

Kuma ta fara lura. Shekaranjiya ina daka ta tsaya tana kallona, ta ce me nake ta dafe ƙirji kamar mai tari. Na ce taɓarya ce ta buge ni. Ba ta yarda ba, na gani a idonta. Jiya kuma maƙwabcinmu ya dawo daga kasuwa ya ce ya ga jar mota a Gwangwan. Saura kasuwarmu.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai dattijo a layinmu da asibiti suka ɗora a kan ƙwayar hawan jini, yana sha yana zuwa gonarsa. Ya ji lasifika ta ce ƙwayar bature sai dai ta kwantar, jarka ce ke tumɓukewa. Ya ajiye ƙwaya. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, ana cewa iska ce ta buge shi a hanyar rafi.

Ina so a fahimce ni. Ban raina maganin gargajiya ba. Da surace na ganyen darbejiya aka rene ni, na ga ana dafa wa masu jego sabara, kuma hannuna shaida ne a kan aikinka. Ban ce asibiti ba su da nasu ba: akwai nisa, akwai layi, akwai masu tsawa da ke sa mutumin ƙauye ya ji kamar ya yi sata. Mai jar mota kuwa yana yi wa mutum dariya, ya kira shi Alhaji, ya ce kada ya damu. Shi ya sa ake zuwa wurinsa. Idan da gaske akwai saiwa ko sassaƙe a dajinmu da ke maganin daji ko ciwon zuciya, wadda aka manta da ita, wallahi ni zan fi kowa murna. Amma a fito da ita a gwada a gani. Duk lokacin da aka tambaye shi waɗanda ya warkar, sai ya ambaci garuruwa masu nisa. A ƙauyenmu ban ga ko ɗaya ba. Kabari na gani.

Saboda haka ina roƙon abubuwa huɗu.

Ɗaya, ku kira mutumin nan kafin motarsa ta iso kasuwarmu. Ku tambaye shi abin da ke cikin jarkar da ke maganin zuciya da sanyi da daji lokaci guda. Idan bai gamsar da ku ba, ku cire takardarku daga gilashinsa. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma garin naku ne.

Biyu, ku sa doka a tsakaninku cewa babu mai maganin da zai hana mara lafiya zuwa asibiti ko ya sa shi ajiye ƙwayar da likita ya ba shi. Duk macen da ta zo da ƙullutu a ƙirji, a fara tura ta gwaji. Ku koya musu kalmar nan da na ji a bakinka: wannan ba nawa ba ne.

Uku, duk wanda yake da yaƙinin maganinsa na aiki, ku haɗa shi da masu ilimin gwada magani su duba. In na gaskiya ne, kowa ya amfana. In ba na gaskiya ba ne, a daina gwada shi a jikin iyayenmu.

Huɗu, kuma wannan shi ne babban roƙona. Ka fito da bakinka, ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, ka faɗa wa jama'a cewa allura ba ta harzuƙa daji. Idan kana shakka, ka tambayi likitoci tukuna, kai ba ka jin kunyar tambaya. Goggo ba za ta saurari ma'aikaciyar asibiti ba, ba za ta saurare ni ba, amma za ta saurare ka. Babana kuma yana bukatar ya ji daga bakin babba irinka cewa ba shi ya kashe matarsa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa albarka a hannunka kamar yadda ya saba, ya ba ka ikon faɗin gaskiya ko da za ta ɓata wa naka rai. Allah ya shiryi mai jar mota, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ban san ko wannan takarda za ta iso ka kafin motar ta iso mu ba, don haka ban tsaya jira ba. Hular da Inna ta bari rabi, na nemo allura na ƙarasa ta. Ɗinkina bai kai nata kyau ba, ana gane inda hannunta ya tsaya nawa ya fara, amma mai huluna ya ce zai karɓa. Ita ce kuɗin motata. Ranar kasuwa mai zuwa, idan Goggo ta ɗora mini ƙuli-ƙuli, zan ajiye farantin wurin ƙawata in shiga motar Ƙaraye, in je asibiti a duba ni. Malama, kin zo wannan layin yanzu, kin zama ta farko da ta sani. Ki yi haƙuri ban iya faɗa miki da baki ba. Idan kin samu dama ki raka ni. Idan ba ki samu ba, zan tafi.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma idan suka ce sai an sa allura, zan ɗaga hannuna in ba su wuri. Zan gaya wa Baba da kaina idan na dawo, ko mene ne suka gani. Ba zan nemi izininsa kafin in tafi ba, kuma Allah ya sani ba raini ba ne. Allura ɗaya ya yarda aka yi, har yau yana ɗauke da ita a wuyansa. Ba zan ɗora masa ta biyu ba. Wannan tawa ce.

Wassalam.

Jikarka,
'yar marigayiya mai ɗinkin hula,
daga wani ƙauye a gefen Ruwan Bago.